Limaman Katolika da kyamara a kafaɗa

In na ce ma abokai limaman coci ne suka yi shekara 34 suna haɗa finafinan gaskiya a talabijin ta ƙasar Irlanda, sai su yi dariya. To, ba wasa ba ne. A 1959 babban limamin Dublin, John Charles McQuaid, ya tura limamai biyu, Joe Dunn da Desmond Forristal, koyon aikin talabijin. Ina jin wa'azi ya yi tsammani. Shirinsu, Radharc, ya fara fita a 1962 har zuwa 1996, finafinai sama da 400.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Night Flight to Uli na 1969, kan jiragen agaji masu sauka cikin dare a filin Uli lokacin yaƙin Biyafara. Sun shiga inda mutane ke mutuwa da yunwa, wannan kam na yaba musu. Amma fa ta ƙofar mishan kyamarar ta shiga. 'Yan mishan na Irlanda sun daɗe a gabashin Nijeriya, can zuciyarsu take, don haka mai kallo a Dublin ya ga yaƙin da idonsu ne. Ban ce ƙarya suka yi ba, yunwar gaskiya ce. Ni dai ba na yarda a ɗauki shaidar ɓangare ɗaya a matsayin tarihi duka.

Abin da ke ci mini rai kuma: finafinan suna ajiye lafiya lau a Dublin. Jikan mutumin Uli in yana son ganin garin kakansa a 1969, sai ya nema a can.