Rangwamen Haraji da Motar Lantarki a Jos

Tun da Gwamnatin Tarayya ta sanar, cikin watan Oktoba na 2024, cewa ta ɗauke harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari daga kan motoci masu aiki da lantarki, bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya jefa talakawa cikin ƙunci, masu shawara ba su gushe ba suna kira a ƙara wa masu sayen irin waɗannan motoci rangwame. Niyyar kyakkyawa ce, ba mu musanta ba.

Amma fa wajibi ne hukuma ta yi la'akari da wanda maslahar za ta isa gare shi, domin attajirin Rayfield da ke da ikon sayen sabuwar mota ba ya cikin masu lalura, alhali direban keke mai jigila tsakanin Terminus da Farar Gada, wanda rabin wahalarsa ke ƙarewa a gidan mai, shi ne ya fi cancanta, kuma shi ne ba ya da jarin da zai ci moriyar rangwamen sai an haɗa masa da lamuni mai sauƙin biya.

Sa'an nan akwai mas'alar wutar da za a caja motocin da ita. Abin takaici ne ƙwarai a ce ƙasar Filato da aka kafa wa kamfanin NESCO tun 1929, yana samar da lantarki daga ruwan Kurra saboda ma'adinan kuza, yau mutanenta suna kwana cikin duhu. Muna roƙon Gwamnatin Filato ta fara da kafa tashoshin caji masu amfani da hasken rana a Terminus da Bukuru.