Tukunyar iska na da lafiya, takardarta ce ke mutuwa: matsalar masu nutso a Amurka

A wuyan kowace tukunyar iska da masu nutso ke goyawa zuwa ƙarƙashin teku akwai lambobi da aka buga a jikin ƙarfen. A Amurka, idan lambar ta fara da 3AA, mai tukunyar ba shi da fargaba, domin an ƙera ta ne bisa ƙa'idar da ke cikin dokar ƙasa. Idan kuwa ta fara da E ko SP, kamar E9791 ko SP14157, to rayuwarta na rataye da wata takardar izini ta musamman mai wa'adi.

Hukumar PHMSA da ke ƙarƙashin ma'aikatar sufurin Amurka ce ke bayar da wannan izini ga kamfanin da ya ƙera tukunyar. Na farko shekara biyu yake yi, sabuntawa kuma ba ta wuce shekara huɗu. Dole a nemi sabuntawar aƙalla kwana 60 kafin wa'adin ya cika.

Dalilin izinin shi ne an ƙera waɗannan tukwane da ƙarfe mai ƙwari fiye da wanda tsohuwar ƙa'ida ta tanada, don su ɗauki matsin iska na psi 3,442 zuwa 3,500, wato kusan ninki ɗari na iskar tayar mota. Masu nutso na son su saboda sun fi na alminiyum masu girma ɗaya cin iska, kuma ba sa jan mutum sama idan iskar ta kusa ƙarewa.

Matsalar ita ce ƙarfe ya fi kamfani tsawon rai. Kamfanin Pressed Steel Tank na birnin Milwaukee, mai lambar E9791, ya daɗe da barin ƙera tukwanen nutso, amma kayansa na nan a hannun jama'a suna aiki. Kamfanin da ba ya sayar da abu, me zai sa ya ci gaba da cike takardu a kansa? Shi ya sa duk lokacin da wa'adi ya gabato, hankalin masu tukwanen kan tashi.

Fargabar tasu na da tushe. Duk shekara biyar dole a yi wa tukunya gwajin matsin ruwa, kuma doka ta wajabta wa mai gwajin ya ajiye kwafin izinin da ya shafe ta. Idan izinin ya mutu, mai gwaji zai janye hannunsa. Tukunyar da ba a gwada ba kuwa, shagon cika iska ba zai taɓa ta ba. Hakan ya taɓa faruwa da wasu tsofaffin tukwanen alminiyum masu lamba SP6576 da SP6688, waɗanda izininsu ya ƙare ba a sabunta ba, suka tashi daga aiki.

Wannan tsari bai dace ba. Abin da ke nuna lafiyar tukunya shi ne gwaji: a cika ta da ruwa, a matsa, a auna yadda ta kumbura da yadda ta koma, sannan a leƙa cikinta a duba tsatsa. Ranar da aka rubuta a takarda ba ta san komai game da tsatsa ba. Tukunyar da ta ci gwaji jiya ba ta zama haɗari yau don wani ma'aikaci ya manta da wasiƙa.

Masu kare tsarin na cewa wa'adin ne ke bai wa hukuma damar sake duba ƙirar, ta janye izini idan an gano illa. Maganar na da ƙamshin gaskiya, don tukunya mai wannan matsi idan ta fashe tana kisa. Sai dai hukumar na da wata hanyar. Lokacin da aka gano wani nau'in alminiyum mai lamba 6351 na tsagewa a wuya, ƙarin gwaji ta wajabta daga farkon 2007, ta hanyar doka ta yau da kullum.

Mafitar ma ba sabuwa ba ce. Tukwanen alminiyum da izini na musamman suka fara, sai a 1982 aka shigar da ƙirarsu cikin doka da lambar 3AL. A 2012 kuma majalisar dokokin Amurka ta umarci hukumar ta duba izinin da suka shekara goma suna aiki, ta ga waɗanda za a mayar dokar dindindin. Tukwanen ƙarfe masu matsi sun daɗe da haye wannan mizani, kuma lokaci ya yi da za a ba su tasu ƙa'idar.

Kafin nan, wanda zai sayi tsohuwar tukunya ya fara karanta wuyanta, ya nemi lambar a shafin PHMSA, ya ga ranar ƙarewar izinin kafin ya biya kuɗi.