RA'AYINMU: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Kowace shekara, da zarar jarrabawar WAEC ta ƙarato, sai ka ga mutanenmu na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan suna ta zuba kuɗin lesin, yara kuwa suna kwana bisa littafi. In sakamako bai yi kyau ba, sai a ce yaro ba shi da kai. A ganinmu, sau da yawa ba nan gizo ke saƙar ba. An koya wa yaro darussa, amma ba wanda ya nuna masa yadda ake yin karatun kansa.

Masana sun daɗe suna bin diddigin wannan al'amari. A 2006 waɗansu masu bincike biyu na Jami'ar Washington ta birnin St. Louis a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai wani rubutu. Kashi ɗaya suka yi ta maimaita karanta shi. Ɗaya kashin suka karanta a zama guda, aka karɓe takardar, suka rubuta abin da suka tuna har sau uku. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Amma bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: masu maimaitawa suka tuna kashi 40 cikin ɗari, masu gwada kansu kuwa kashi 61.

Haka kuma a 2013 Dunlosky da abokan aikinsa suka auna dabarun karatu guda 10. Biyu ne kaɗai suka yi zarra, watau mutum ya riƙa yi wa kansa tambayoyi, ya kuma rarraba karatunsa cikin kwanaki. Ja wa layuka alƙalami da yawan maimaita shafi suna can baya.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A makarantar allo ba a wanke allo sai yaro ya kawo karatunsa, mahaddaci kuma ba ya rabuwa da tilawa. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan da fahimta, domin Lissafi da Kimiyya ba su yiwuwa da hadda kawai.

Saboda haka muna kira ga malamai su koya wa yara abu uku: su tsara abin da za su karanta kafin su buɗe littafi, su rufe shi su gwada kansu, sa'an nan su koma kan abin da ya kuɓuce musu bayan kwana biyu ko uku. Sarakunan Hausawa da kwamitocin makarantunmu su tambayi masu lesin ko suna yin haka.

Iyaye kuma, ko ba ku yi boko ba, kuna da abin yi. In an tashi daga kasuwa, a ce wa yaro ya rufe littafi ya faɗi da Hausa abin da ya koya yau. In ya kasa, bai iya ba tukuna. Wannan ba ya cin ko kwabo, amma sai an fara tun farkon zango. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, amin.