Ba Kai Ka Ja Wayar Ba, Amma Sunanka Ne a Takardar

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu 'yan sashen lantarki da muke shirin barin makaranta bana, akwai wata magana da kowannenmu zai ji nan ba da jimawa ba. Wani mai gida zai kira ka ya ce: "Injiniya, aikin nan an kusa gama shi, ɗan ƙarashe ne kawai. Ka haɗa mini, ka sa hannu a kawo mita." Ra'ayina shi ne, aikin da wani ya fara ya bari ya fi sabon aiki haɗari, kuma duk wanda ya sa hannu a kansa ba tare da gwaji ba, ya ɗauki alhakin da bai san nauyinsa ba.

Na ga wannan da idona lokacin SIWES. Ogan da aka tura ni wurinsa ya tafi da ni wani gida mai ɗaki uku da falo. Wanda ya fara wayarin ɗin ya samu saɓani da mai gidan a kan kuɗi, ya kwashe kayan aikinsa, ya daina ɗaga waya. An riga an yi filasta, an rufe silin, har fenti an shafa. Abin da ya rage a ido shi ne ɗaura soket da makunnai da haɗa akwatin rarraba wuta. Mai gidan ya ce aikin yini ɗaya ne. Oga ya ce, "Alhaji, ka ba ni kwana biyu in duba tukuna, kuma kuɗin dubawa daban." Ran Alhaji bai so ba. Ni ma a zuciyata na ce Oga dai yana son jan aiki ne.

Ga abin da muka tarar. Layin da zai ɗauki na'urar sanyaya ɗaki da hita, da waya mai kaurin 1.5 aka ja shi, wato wayar ƙwan fitila. Irin wannan waya a cikin bututu ba ta ɗaukar abin da ya wuce amfiya 15 zuwa 17 ko makamancin haka, amma birekar da aka saya mata ta amfiya 32 ce. Ma'ana, wayar za ta yi zafi har robarta ta narke alhali birekar ba ta faɗi ba, domin ita a wurinta komai lafiya. A ɗakuna biyu, makunnin fitila a kan wayar nitural aka sa shi. Za ka kashe ƙwai ya mutu, ka hau kujera ka sa hannu ka canza shi, wuta na nan a mazaunin ƙwan tana jiran ka. Wayar ƙasa kuwa ta isa kowane soket, gwanin kyau, amma da muka bi ta sai muka ga ƙarshenta a nannaɗe cikin silin, ba sandar da aka kafa a ƙasa balle a haɗa ta. Sannan mahaɗa huɗu muka samu a saman silin, an murɗe wayoyi da hannu an naɗe da tef, kusa da katako.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da zai hana fitila kamawa. Da mun haɗa a ranar, da ƙwai ya kawo, fanka ta juya, Alhaji ya yi murna ya sallame mu. Abin da ya sa nake cewa "ai wuta ta kawo" ba gwaji ba ne ke nan.

Gwaji na gaskiya mun koye shi a aji, sai dai da yawanmu don jarrabawa muka haddace. Kafin a saki wuta, a gwada ko kowace waya ta isa inda ya kamata ba yankewa, musamman wayar ƙasa. A gwada lafiyar robar waya da mega, a kan bolt 500, kada sakamakon ya gaza megohm 1; nan ne ake kama wayar da ƙusar kafinta ta huda. A tabbatar makunni da fiyus da bireka duk a kan waya mai wuta suke. A auna sandar ƙasa. In an saki wuta, a gwada na'urar nan mai yanke wuta idan ta fara zurarewa, wadda ta gidan zama miliamfiya 30 ce. A ƙasar nan kuma sai an ƙara da duba makunnin da ke raba wutar NEPA da ta janareta ko inbata, don kada wutar gida ta koma kan layi ta kama ma'aikacin da ke kan falwaya.

Akwai kuma rikicin launi. Tsohon tsari ja ne mai wuta, baƙi nitural. Sabon tsari ruwan ƙasa ne mai wuta, shuɗi nitural, kore da rawaya wayar ƙasa. A kasuwanninmu duka biyun ana sayarwa, kuma wanda kuɗin kaya ya yanke masa, abin da ya rage a buhu yake jawa. Don haka kada launi ya ruɗe ka a aikin da ba kai ka fara ba. Mita ce za ta gaya maka gaskiya.

Na san abin da wasu za su ce: "Kai, wannan duk turancin makaranta ne. In ka tsaya dogon bincike, mai gida zai kira wani ya haɗa masa da rabin kuɗin." Gaskiya ne, zai iya. Kuma wanda ya fito makaranta ba aiki, dubu goma ma kuɗi ce. Amma a duba ɗaya ɓangaren. Ranar da silin ya kama da wuta cikin dare, ba wanda zai tuna da mutumin da ya gudu. Za a ce wa ya haɗa wutar gidan nan? Sunanka za a ambata a unguwa, kuma shi ne a takarda. Wannan ma in an tsira da rai ke nan.

Doka ma ba ta bar abin haka sakaka ba. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke da alhakin duba ayyukan lantarki da ba 'yan kwangilar wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Difiloma kaɗai ba ta mayar da kai mai wannan shaida ba. Saboda haka abokina, in ba ka da ita, kada ka ari hatimin wani, kada kuma ka yarda wani ya buga nasa a aikin da bai taka ƙafa ya gani ba.

A Ingila sun raba abin gida biyu, kuma ina ganin akwai hikima a ciki. Takardar shaidar sabon aiki daban, wadda wanda ya tsara ya kuma yi aikin yake sa wa hannu. Rahoton halin da wayarin yake ciki daban, wanda mai dubawa yake rubutawa, har da wurin da zai faɗi abin da bai samu damar gani ba. Mu ma za mu iya yin haka ko da a takarda ɗaya ce: ga abin da na tarar, ga abin da na gwada da sakamakonsa, ga abin da na gyara da hannuna, ga wanda ke binne cikin bango ban gani ba. Kai ka sa hannu, mai gida ya sa, kowa ya riƙe kwafi. Ka ɗauki hotuna da wayarka kafin ka taɓa komai.

Wani abu kuma da Oga ya koya mini: kada ka zagi wanda ya fara aikin. Wataƙila ya yi niyyar kafa sandar ƙasa a ƙarshe, rigima ta hana. Wataƙila mai gidan ne ya sayo ƙaramar waya don araha. In ana samun sa, a kira shi a tambaye shi inda ya bi da layukansa, zai rage maka wahalar yini guda.

Maganar nan ba ta 'yan lantarki kaɗai ba ce. Da yawanmu a gidajen haya muke a wajen makaranta, inda aka ƙara ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, kowane da mai wayarinsa. In famfon banɗaki yana ɗan jan ka, ko soket ya yi baƙi yana warin roba, ko an ɗaure fiyus da silin waya, ka gaya wa mai gida a rubuce, kada ka saba da shi.

Ina roƙon ƙungiyar ɗalibai ta zauna da sashenmu a shirya ranar duba wayarin a gidajen da ɗalibai ke haya, malamai masu shaida su jagoranta, mu kuma mu riƙe mita mu koya. Ina roƙon sashen ya riƙa ba mu aikin gwaji a kan wayarin da aka ɓata da gangan, domin irinsa za mu fi tararwa a gari.

Shi dai Alhaji, da Oga ya hau da shi kan tsani ya nuna masa mahaɗar nan da ke jingine da katako, bai ƙara maganar kuɗin dubawa ba. Kwana biyar muka yi a gidan, muka sake jan layi biyu, muka kafa sanda, sannan Oga ya sa hannu.