Da Wane Mudu Iyaye Ke Auna Makarantun Sakandare?

Duk shekara idan damina ta kusa ɗaukewa, yara sun gama aji shida na firamare, sai hira ta sauya a majalisun Kurfi. Magana guda ce a bakin magidanta: ina za a kai yaron nan? Wani ya ce a bar shi a sakandaren jeka-ka-dawo ta gwamnati, wani ya ce a nema masa ta kwana a Dutsin-Ma ko Katsina, wani kuwa ya ce ko akuya zai sayar gara makarantar kuɗi. Wannan damuwa abin yabo ce. Sai dai a ganina mudun da yawancinmu ke awo da shi ba ya cika, domin gini muke dubawa da takardar sakamako, mu bar malami.

Mu fara da gini. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ginin ƙasa ce, amma daga cikinta Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne malamai masu tsayawa kan aiki da ɗalibai daidai ƙarfin aji. Da aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta a 1976, yara suka yi ambaliya, aka horar da malamai cikin gaggawa. Sa'an nan tsarin 6-3-3-4 ya kankama a 1982, aka raba sakandare gida biyu, ƙarama da babba, aka shigo da injunan koyon sana'a, waɗanda a wurare da yawa suka lalace cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu mai koyarwa. Ashe fenti da kaya ba su karantar da kowa.

Sai takardar sakamako. Kowa ya san jami'a ba ta ɗaukar yaro sai da kiredit biyar, har da Turanci, a jarrabawar WAEC ko NECO. Saboda haka iyaye sukan ruga duk inda aka ce yara na ci gaba ɗaya, ba su tambayi yadda aka ci ba, alhali kuwa satar amsa ta zama ruwan dare. Ni da kaina na ga wani ɗan'uwana da ya zo da kiredit bakwai, mahaifinsa ya ba shi takardar asibiti ya karanta masa, ya kasa. Kunyar da ta rufe tsohon nan ran nan ba zan manta da ita ba.

To, mene ne mudun gaskiya? Gani ya kori ji. Uba ya je makarantar ranar da ba a gayyace shi ba, da hantsi, ya leƙa azuzuwa ya ga nawa ne ke da malami a tsaye. Ya tambayi shugaban makaranta malaman Lissafi da Turanci da kimiyya nawa gare shi, yara nawa ne kuma a aji guda. Ya buɗe littafin rubutun ɗan maƙwabcinsa da ke can, ya duba ko jan biro ya taɓa bi ta kai. Wannan awo ba ya bukatar boko; wanda ya iya duba haƙoran sa a kasuwa zai iya. Mai 'ya mace ya ƙara da duba ruwa da makewayi da nisan hanya. Mai niyyar makarantar kwana kuwa, tun da aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara cikin Disambar 2020, wajibi ne ya tambayi katanga da masu gadi kafin ya tambayi komai.

Watakila mai karatu ya ce, ina amfanin awo ga talakan ƙauye wanda makaranta ɗaya ce tak ƙafar ɗansa ke iya kaiwa? Wannan magana gaskiya ce. Amma wanda ba shi da zaɓi shi ya fi kowa bukatar sanin inda ɗakinsa ke yoyo. Idan iyaye ashirin suka tashi ta bakin ƙungiyar iyaye da malamai, suka kai kuka ofishin ilmi cewa zango guda babu malamin Lissafi, za a saurare su fiye da mutum ɗaya mai gunaguni a gindin bishiya. Malamin kirki ma, in ya ga ana lura da wahalarsa, ƙarfinsa ƙaruwa yake yi.

Daga ƙarshe, ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a can a 2011, duk a bakin ƙofarmu. Abin takaici ne 'ya'yan nesa su cika su, namu suna kallo daga waje saboda mun yi awo da mudun da ba ya cika. Allah ya ba iyaye ikon sauke wannan amana, amin.