RA'AYINMU: Ɗan Demsawo, Da Me Za Ka Koma Gida Daga Kurmi?

Kowace shekara, da zarar kaka ta wuce an kai amfanin gona gida, sai ka ga tashoshin mota na Jimeta sun cika maƙil da samari, kowa da 'yar jakarsa, an nufi Kurmi ci-rani. Waɗansu ma ba su da kuɗin kujera, a bisa manyan motocin da ke ɗauko shanu daga Mubi su ke ɗarewa, su sha rana su sha raɓa har Ikko ko Badun ko Anacha ko Fatakwal. Unguwar Demsawo da maƙwabtanta irin su Doubeli da Jambutu da Luggere suna cikin wuraren da ke sallamar 'ya'yansu haka, kuma mun san da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi ta wannan hanya suka zo.

Ba mu ga laifin fita neman halali ba. Abin da ya dame mu shi ne irin aikin da a ke tararwa in an zo, da kuma abin da a ke komawa gida da shi. Dako, ga-ruwa, gadi, wankin takalmi, yankan farce, tura baro, leburanci a wurin gini, sai kuwa acaɓa. Dukkansu halal ne, sun fi roƙo nesa ba kusa ba, amma babu ɗaya daga cikinsu da ke ƙara wa mutum daraja in shekaru sun tura. Ɗan dako mai shekara arba'in da biyar bai kai mai shekara ashirin samu ba, alhali kuwa kaninka ko kafinta mai shekara arba'in da biyar a lokacin ne ma a ke nemansa.

Masu acaɓa sun ɗanɗana wannan da kansu. Ran 1 ga watan Yuni na 2022 Gwamnatin Jihar Ikko ta hana aikin ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida, wato Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, sa'an nan a watan Satumba na wannan shekara ta ƙara da Kosofe da Oshodi-Isolo da Shomolu da Mushin. An kama babura masu ɗimbin yawa an murƙushe su a bainar jama'a, waɗansu ko gama biyan kuɗinsu ba a yi ba. Akwai masu cewa ƙiyayya ce ga 'yan Arewa. Mu dai muna tuna musu cewa Kano ta riga Ikko, domin tun watan Janairu na 2013 ta hana goyo a babur a cikin birni, kuma a Jimeta ɗin ma yanzu Keke Napep ce ke jigilar mutane. Ko da wace manufa aka yi dokar, abin lura guda ne: duk abincin da sanarwa ɗaya a rediyo za ta iya ɗauke shi cikin dare ɗaya, bai kamata magidanci ya jingina rayuwar iyalinsa a kansa ba.

Mutumin Jimeta bai kamata ya bukaci a yi masa dogon bayani a kan wannan ba, domin garinsa ya gani. A zamanin Turawa Jimeta tashar jiragen ruwa ce. In Binuwai ta cika da damina sai jirage su hauro daga bakin teku da gishiri da yadi, su koma da gyaɗa da auduga da fatu, waɗansu su wuce har Garwa. Mutane da yawa sun ci abinci da lodi da saukale a bakin ruwa. Da hanyoyin mota suka samu, jirage suka daina zuwa, wannan abinci ya tafi tare da su. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Gongola, Yola ta zama hedkwata, gine-gine suka tashi ko'ina a Jimeta, aka shiga neman magina da kafintoci da masu walda da masu haɗa wutar lantarki da kanikawa. Wa ya cike wannan gurbi? Dattawan Demsawo za su gaya maka cewa da yawa daga cikin masu wannan aiki baƙi ne daga Kudu. Ba mu yi musu hassada ba, sun zo da abin da a ke bukata ne. Amma ga shi yau, bayan an raba Gongola an sami Adamawa da Taraba tun 1991, har yanzu mai babban gini a Nijeriya in yana son a sa masa tayil ko a yi masa silin mai kyau, sau da yawa mutanen Togo da Kwatano ya ke nema, ɗan gida kuwa yana miƙa musu siminti a kwano.

A ganinmu ɗan ci-rani yana zaune ne a tsakiyar babbar makaranta bai sani ba. Babu irin injin da ba a kwance shi a ɗaura a Ladipo. Babu irin wayar hannu da ba a gyarawa a kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Kayan wuta suna Alaba, takalma da ɗinki suna Ariaria ta Aba, kayan mota suna Nnewi. Mai gadin da ya shekara biyar a ƙofar garejin kanikanci, da mai shayin da ke kai wa masu walda kofi kullum safe, da leburan da ke tsaye bayan birkila, duk suna kallon sana'a da idonsu dare da rana. Abin da ya rage kawai a buɗe baki a ce, “Maigida, ina so ka koya mini.” Girman kai da kunya su ke hana wannan magana fita, ba wani abu ba.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma amsa ce mai nauyi. Za a ce ɗan koyo ba a biyansa, ga tsoho da tsohuwa a Demsawo suna jiran aike, ga mata da yara, ga hatsi ya yi tsada tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Gaskiya ne, kuma ba mu ce kowa ya ajiye abin da ke ciyar da shi ba. Amma mai gadin dare yana da yini. Mai dako a Mile 12 aikinsa ya fi ƙarfi da asuba sa'ad da motoci ke sauke kaya, kafin azahar ya lafa. Sa'a uku a rana, shekara biyu, sun isa mutum mai lura ya iya gyaran injin ban-ruwa ko janareto ko Keke Napep. Waɗannan sa'o'i akwai su. Muna ganin inda su ke tafiya: majalisar shayi, gidan kallon ƙwallo, da shagon caca, wanda ya zama annoba a zangunanmu kuma ba mai son a ambata.

Sai kuma a yi tunani kafin a zaɓi abin da za a koya. Wanda ke da niyyar komawa gida, to, ya dubi abin da gida ke nema. Yola tana cikin garuruwan da suka fi zafi a ƙasar nan, a watannin Maris da Afrilu ma'aunin zafi yakan haura 40, wutar lantarki kuwa kowa ya san halinta. Saboda haka mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki da mai haɗa wutar sola ba za su zauna banza ba. Akwai noman rani a Tafkin Geriyo, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, da sauran fadamu a gefen kogi, kuma duk inda a ke ban-ruwa da inji sai an nemi mai gyaransa. Akwai injinan cashe shinkafa da na niƙa, akwai famfunan burtsatse, ga kekuna birjik a titi. Ba dabara ba ce samari goma daga layi ɗaya su koyi aski, su koma su buɗe shaguna goma suna kallon juna.

In an sami maigida, a yi abin a bisa ƙa'ida. Yarbawa suna rubuta yarjejeniya, a san shekarun da za a yi da kuɗin da za a biya, in an gama a yi bikin yaye a ba yaro takarda. Inyamurai suna riƙe yaro shekaru a shago, in wa'adi ya cika maigida ya sallame shi da jari. Mu kuwa mun saba da “je ka zauna wurin wane”, ba wa'adi ba shaida, yaro ya shekara shida yana wanke sufana da sayo abinci, ran da aka ɓata a kore shi hannu rabbana. A rubuta takarda, a sa shaidu biyu, ɗaya daga wajen maigida ɗaya daga wajen Sarkin Hausawa na unguwa, a faɗi abin da za a koyar da ranar da za a gama.

Bayan an iya, a nemi takardar shaida. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a mai mataki uku, a kan fara daga na uku a hau zuwa na ɗaya, kuma aikin hannu shi ne ginshiƙinta. Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wato NDE, wadda aka kafa a 1986, tana da ofis a kowace jiha kuma tana haɗa matasa da masu sana'a su koya. Akwai kuma Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, tun 1971, hedkwatarsa tana Jos. Za a ce ai aiki shi ke nuna gwani, ba takarda ba. A bakin titi haka ne. Amma a ƙofar kamfani takarda a ke fara tambaya. Lokacin da a ke gina matatar man Ɗangote a Lekki, wadda aka ƙaddamar a 2023, sai da aka kawo ƙwararru daga Indiya da waɗansu ƙasashe, kuma tazarar da ke tsakanin ladan mai walda mai shaida da na wanda ke ɗauko masa ƙarfe ba ƙarama ba ce.

A nan ne maganar karatu ta shigo. Kafintan da ba ya iya karanta awo a tef, ko mai haɗa wuta da ba ya iya rubuta wa mai gida lissafin kayan da za a saya, har abada yaron wani ne. Iyayenmu sun shiga ajin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 da gemunsu, Jihar Kano kuma ta kafa hukumar ilmin manya a 1980, ba wanda ya mutu don kunya. Wanda ya yi makarantar allo ma ya riga ya yi rabin tafiya, yana iya fara rubuta shiga da fitarsa da ajami tun yau kafin ya kama boko. Har wa yau ɗan Jimeta yana da wata baiwa da bai san darajarta ba. Ya tashi cikin Fulani da Hausawa da Bachama da Verre da Kilba da Margi da Chamba, Musulmi da Kirista, kunnensa ya saba da harshe biyu ko uku tun yana yaro. Irin wannan mutum bai da hujjar shekara goma a Agege bai iya ciniki da Yarbanci ba.

Game da kuɗi, kaɗan za mu ce. Wanda ya ajiye Naira 500 kullum, kwana shida a mako, zai tashi da Naira 156,000 a shekara. Darajar Naira tana zaizayewa, don haka kada a bar su kwance: in sun taru a sayi kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, yau mita gobe akwatin sufanu. A buɗe asusu a banki da sunan kai, a daina ba mai shago ajiya ko cusawa cikin katifa. Waɗanda suka ga rikicin kasuwar Shasha a Badun a watan Fabrairu na 2021 sun san yadda wuta ke cinye gumin shekaru cikin yini ɗaya.

Muna kuma da magana da na gida. Uban da ke bugo waya duk mako a aiko, da dangin da ke auna ɗa da irin wayar da ya dawo da ita ran Salla ko Kirsimeti, su ne ke tura yaro ya zaɓi kuɗin yau ya bar sana'ar gobe. A yi haƙuri da ƙaramin aike na shekara biyu.

Bisa ga haka muna kira ga Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu da Fatakwal, da ƙungiyoyin 'yan asalin Adamawa da ke Kudu, su buɗe rajistar masu sana'a da suka yarda su ɗauki yara, su kuma tsaya a matsayin shaidu da masu lamuni, domin babban abin da ke hana maigida Bayarabe ko Inyamuri karɓar ɗan Arewa shi ne rashin wanda zai tsaya masa. Ɗaki ɗaya a gefen masallaci ko coci, da allo da malami ɗaya, sun isa a fara ajin dare. Gwamnatin Jihar Adamawa da Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa kuma su tanadi rancen kayan aiki, ba tsabar kuɗi ba, ga duk ɗan ci-ranin da ya dawo da takardar gwajin sana'a a hannunsa, su kuma keɓe musu rumfuna a kusa da unguwanni irin su Demsawo, a sanar da sharuɗɗan a rediyo da Hausa da Fulatanci kafin motocin kaka mai zuwa su tashi.