FAGEN KIMIYYA: Yadda Aidin Ke Tasowa Daga Teku Zuwa Kontagora

A wannan mako za mu yi magana ne a kan aidin, watau sinadarin nan da rashinsa a abinci ke jawo maƙoƙo, kuma yake daƙushe ƙwaƙwalwar yaro tun yana cikin mahaifiyarsa. Abin da babban mutum ke bukata a yini bai wuce maikirogiram 150 ba, amma ko wannan ɗan ƙwarya-ƙwaryar, asalinsa daga nesa yake zuwa.

Rumbun aidin na duniya shi ne teku. Yakan tashi daga fuskar ruwa kamar tururi, iska ta ɗauke shi, ruwan sama ya sauke shi a gonaki. Tun cikin 1973 wani Bature, James Lovelock, ya ba da labarin samun irin wannan iska a Tekun Atlantika, kuma aka daɗe ana zaton tsirran ruwa ne tushenta. Sai a 2013 Lucy Carpenter ta Jami'ar York a Ingila, tare da abokan aikinta, suka nuna cewa mafi yawan aidin ɗin yana tashi ne sa'ad da iskar ozon ta taɓa fuskar teku. Yanzu masana kan zuba wa kwamfuta ɗumin ruwa da ƙarfin iska da yawan ozon, ita kuwa ta lissafa abin da ke tashi. Ruwan wurare masu zafi, irin wanda ke maƙwabtaka da mu, shi ya fi bayarwa.

To, ina ruwan Kontagora da wannan? Iskar da ke kawo mana damina daga teku take fitowa, ta kudu maso yamma. Sai dai tsakanin Kontagora da bakin teku akwai fiye da mil 250, kuma gwargwadon nisa gwargwadon ƙarancin abin da ke isowa. Wanda ya iso ma, ruwa kan wanke shi daga ƙasa, dawa da masara su tashi ba su samu isasshe ba.

Dalili ke nan da ya sa a 1993 Gwamnatin Tarayya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci. Amma fa halinsa na tashi bai bar shi ba. Gishirin da aka baje a faranti cikin rana a kasuwa, ko aka bari a buɗe cikin laimar damina, aidinsa raguwa yake yi. Saboda haka uwargida ta nemi na cikin leda mai hatimi, ta adana shi a rufe, nesa da murhu.